Daren Ƙuri'a

Ni ne mai makullai a nan.
Goma sha tara a zobe guda, ɗaya ba ya buɗe komai
tun zamanin da ginin nan yake masana'antar takalma.
Har yau in na kunna ɗumi da asuba
bango yakan yi numfashin fata da gam.

Gwamnati ke biya, ba a karɓar ko sisi,
sai dai kujera ba ta haihuwa:
gurbi arba'in da shida a ajin farko,
suna ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Shi ya sa duk watan Maris, nan arewacin Milwaukee,
nake jera kujerun ƙarfe a ɗakin ƙwallon kwando,
in goge gangar gilashi,
in kawo kwalin 'yan fararen ƙwallaye,
kowace da lambar ɗan wani a goshinta.

Odessa Tillery ce ta fara isowa,
da rigar aikin wankin asibiti a jikinta,
hannayenta sun yi fari fat don bilic.
Jikanta Marquell yana ƙirga fitilun rufi,
ya ce mini biyu sun mutu. Na ce na sani.
Eusebio Quiñones, mai rufin gidaje,
ya ɗaure wuya da taye kamar zai je kotu.
Blia Vang ta zo da jariri da kuma 'yarta babba
wadda za ta fassara mata ko dariya ko kuka.

Shugabar makaranta ta juya ganga.
Ƙarar kamar ƙanƙara a kan kwano.
Tara. Ɗari da biyu. Sittin da bakwai.
Wata ta yi ihu ta faɗa wuyan baƙuwa,
wani ya buga waya, muryarsa na rawa:
ta samu, Mama, ta samu.
Eusebio ya kwance tayen a lamba ta talatin,
ya mayar a ta arba'in da ɗaya, yana share ido.
Bayan ta arba'in da shida ba a tafa ba,
sai jan kujera da neman safar hannun yara.
Odessa ta tsaya har aka kira jerin masu jira,
har gangar ta zama fanko.
Ta ce wataƙila kunnena ne.
Ta zuge wa yaron rigar sanyi har haɓa.

Ƙarfe tara na ɗauki tsintsiya.
Takardar alewa, hular wani, igiyar takalmi,
sai can ƙarƙashin bututun ɗumi
wani abu fari ya gangaro ya tsaya a ƙafata.
Ɗari da talatin da takwas.
Ba ta ci ba, ba ta faɗi ba,
ko shiga ba ta yi ba.
Na je jikin ƙofa inda aka manna sunaye,
na bi da yatsa, ko da yake cikina ya riga ni sani.

Ni na zubar da kwalin da la'asar.
Na durƙusa na tsince, na ƙirga,
wallahi na ce na ƙirga.

In na faɗa, a sake juya ganga,
gida arba'in da shida da suka kwana da murna
su dawo su zauna a kujeruna.
In na yi shiru, wa ya gani?
Fitilun nan biyu da suka mutu?

Ta kwana a aljihuna, tana gugar makullai.
Ba ta kai nauyin fara ba,
amma da ita na hau matakalar gida kamar mai dakon siminti.

Shida da kwata motar shugaba ke shigowa.
Yaran karin kumallo sun fara taruwa a ƙofa,
hancinsu na yoyo, suna tambayata ko yau akwai madarar cakulan.
Na zuba gishiri a matakala,
na sake zubawa,
don dai hannuna ya sami abin yi.