Inda Ruwa Ya Nufa

Sahabi ya aiko zane daga Abijan,
ta waya, jan layi bisa baƙi:
ɗaki biyu, falo, baranda mai duban gabas,
sai wani ɗan gurbi can a kusurwa
da ya rubuta wa suna: wanki.

Ya ce inji na bisa hanya cikin kwali,
mai haɗiye kaya da dauɗa ya amayo su fes.
A manna shi jikin bayi, in ji shi,
bututu ɗaya ya ishe su, a rage ɓarnar siminti.

Assumana magini ya tuɓe hula ya sosa ƙeya.
Shekara talatin yana aza bulo a Tawa,
daga Garkawa har Bilbis,
bai taɓa gina wa sabulu ɗaki ba.
Ya auna da taku, ya ja layi da babban yatsan ƙafa.
Bayan madafa? Hayaƙi zai kama farin kaya.
Jikin bayi? Katangar Alzuma ce a nan,
ta laka, tun ta kakansa,
in kumfa ta jiƙa gindinta wata uku
sai dai mu haɗu gaban mai unguwa.

Ni aka bar wa hukunci,
ni da ko hulata ban taɓa wankewa ba.
Na kama takarda da fensir har la'asar sakaliya
ina matsar da ɗan gurbin nan gida gida
kamar mai dara shi kaɗai, kuma ana cinye shi.

Inna ba ta ce uffan ba.
Tana bisa kifaffen turmi tana tsinkar zogale.
Da ta gama ta karkaɗe zane,
ta cika bokiti,
ta je kan shimfiɗaɗɗen dutsen nan
da muke tuntuɓe da shi tun muna yara,
wanda zanen Sahabi ya binne ƙarƙashin falo,
ta sheƙa.

Ta ce, ku biyo shi.

Muka bi ruwa, ni da magini, kamar masu rakiyar baƙo.
Ya kauce wa turken akuya,
ya ratsa ƙarƙashin igiyar shanya,
ya ɗan yi shawara wajen wani tsakuwa,
sannan ya miƙe, ba tambaya,
ya kwanta gindin lemun tsami.

Ta ce, ranar sunan Sahabi ubanku ya dasa shi.
A garin da famfo ke yin yaji kwana bakwai a bazara,
wa kuke tsammani ya shayar da shi?
Ɗaurayar tsummansa ya fara sha,
sai ta rigunanku na lakwal,
sai ta farar rigar Juma'a da yanzu ba mai sa ta.
Daga nan ina ganin mai shigowa zaure,
daga nan Tsahara ke miƙo mini labari ta kan katanga.
Ku kulle ni a kusurwa, da wa zan yi hira?

Assumana ya share layinsa da tafin ƙafa.
Falo ya rame da taku huɗu.
Rumfar kwano, bango uku, gefe ɗaya a buɗe,
magudana biyu: ta kumfa ta nufi rami,
ta ɗauraya ta bi tsohuwar hanyarta.

Da dare na kira Abijan, na faɗa masa.
Ya yi shiru, kuɗin waya na zuba.
Can ya ce, lemun, har yanzu yana 'ya'ya?

Inji ya iso bayan Tabaski.
Ranar da akwai wuta, yana juyi yana gurnani,
Inna na gefe bisa dutsenta tana kallonsa.
Ta ce aikinsa ba laifi,
sai dai ba a gaishe shi ya amsa.