Littafin Bashi

Babanmu da takalma ya fara,
ƙafa goma sha biyu a buhun siminti,
daga Ƙofar Wambai zuwa Sabon Gari a ƙasa,
don kuɗin mota ya zama na zare da gam.

Shekarar da wuta ta ci shagon
abu guda ya fito da shi a hammata:
littafin bashi mai baƙin bango.
Ya zauna kan toka yana bin sunaye,
ya ce, "Ashe ban talauce ba,
dukiyata na hannun mutane."
Rabinsu har yau ba su biya ba.

A bayan shafukan ya soma rubutu,
bayan isha'i, tocila a baki.
Babi na uku akwai ɗigon manja,
ni na zubar, ina 'yar shekara bakwai.

Yanzu ɗalibai ɗari uku ke jiransa
duk Talata a jami'a, can hanyar Gwarzo.
Dakta Nasidi suke ce masa.
Yakan shiga aji da guntun fata a aljihu,
ya miƙa wa na gaba: "Shinshina.
Wanda bai san warin jarinsa ba
kada ya kawo mini zancen riba."

Jiya a Kurmi wani tsoho ya hango mu,
ya sunkuyar da kai zai kauce.
Baba ya kama hannunsa, ya tambayi iyali.
Da muka koma gida ya ɗauko littafin,
ya lalubo sunan, ya ja layi,
ya ce in dafa masa shayi.