Gurbi Guda a Littafi

Shida saura kwata nake buɗe ƙyauren tasha,
can bayan filin jirgi, inda Maraɗi ke ƙarewa
gonakin gujiya su ɗauka.
Ga farin akwati kan ƙafa huɗu,
kamar rumbun da ba a taɓa zuba wa hatsi ba,
ga ma'aunin ruwa ya hangame baki sama,
ga injin da ke zuƙar iska dare da rana,
bai taɓa cewa ta ishe shi ba.

Farar takarda nake sa masa ran Litinin,
Litinin ta sama in ciro ta
da launin gindin tukunya.
A cikinta akwai kabu-kabun Sabon Gari,
da itacen masu tuyar ƙosai,
da ledar da ake ƙonawa a jujin Bagalam,
da abin da ke sa jikar Zuwera tari tun azumi.
Zuwera ta ce, to ke, takardar taki magani ce?
Na ce a'a, Inna, shaida ce.
Ta ja tsaki, ta gyara zani.

Wani daga Jiratawa ya jingine keke,
ya ce, yarinya, yaushe za mu yi shuka?
Na ce, Baba, jiya kaɗai na sani,
da shekaran jiya, da bara, da bara waccan.
Ya ce wannan ai ko matata ta sani.

Amma matarsa ba ta ga littattafan Tsahiru ba.
Talatin da ɗaya ne, gara ta ci kunnen uku.
Lamba guda ba ta magana,
sai ka jera su kamar daƙwalwa da 'ya'yanta
ka ga inda suka dosa:
dare ya rage sanyi,
ruwan fari na jan ƙafa,
in ya zo kuma ya zo da fushi, gulbi ya ci gaɓa.

Ran Juma'a na kai masa goro a Mokoyo.
Idonsa ya tafi, kansa na nan.
Ya ce, ɗauko na goma sha bakwai,
buɗe Agusta, ran tara,
za ki ga ɗigon fensir a gefe.
Daren nan masassara ta kayar da ni,
ban fita ba sai hantsi.
Na dubi ƙasa, na dubi tabo a ƙafar tunkiya,
na rubuta goma sha biyu.
Ban auna ba.
Shekara ashirin da biyu ina kwana da ita.
Mutanen nesa sun zuba ta cikin lissafinsu,
su ba su sani ba, Allah ya sani.

Na ce, Malam, ɗigo guda cikin randa?
Ya ce, randar ta wa ce?
Soke ta. Bar wurin fili.
Wanda zai zo bayanki ya san
ran nan ba kowa a bakin aiki.

Na soke, na sa hannu, na aika wa Yamai.
Yanzu shafin yana da giɓi kamar bakin tsoho.

Yau hadari ya haɗu ta wajen Madarumfa.
Na ɗaure tocila a wuya,
na ajiye takalmi bakin ƙofa,
na sa agogo kusa da kunne.