Bebaye Uku a Bakin Garejina

Shekara talatin da ɗaya a Tawa
da kunnena nake cin abinci.
Mota ta doso daga tasha,
kafin ta sha kwana na san ciwonta:
wannan buji ne, waccan an yi wa manta ruwa.
Sai bana aka jero mini bebaye uku,
aka ce, Nomau, fid da gwana.

Farar ta ɗan Alhaji Tanimun ce,
cikinta na shafar ƙasa kamar damo.
Muka hau kwaltar Ƙonni bayan la'asar.
Taɓa ta kawai na yi da ɗan yatsan ƙafa,
ƙeyata ta manne da kujera,
hulata ta koma baya ba sallama.
Ba giya, ba gurnani, ba hayaƙi.
Yaron na ihu: "Baba, daƙiƙa huɗu, ɗari!"
Na ce to, wa ke jiranmu haka?
Da muka sauka kwalta za mu juyo
yashi ya cafke ta.
Taya na juyi, tana haƙa wa kanta rami,
sai da samari shida da igiyar guga.
Jakin Illo na gefe yana kallo.
Bai ce komai ba.

Ta asibiti ruwan toka ce, mai faɗin kafaɗa,
Zabairu ke jan ta.
Ƙafa huɗu duk suna ci, ba mai jiran wata.
Ranar da ruwa ya kwana a hanyar Keita
mun shiga korama, laka na tsotse takalmi,
ta hagu ta zame, ta dama ta karɓe,
ta fito tana tsiyaya kamar sa daga tabki.
Na sara mata.
Amma cinta!
Ta kwana da waya a baki,
kuran ya ɗauke sha biyu, ya dawo asuba,
gari ya waye tana da rabin ciki.
Zabairu na lissafi da yatsu:
zuwa Abalak, ta isa. Dawowa fa?

Ta ukun, kunya nake ji in kira ta mota.
Ƙwarya ce aka kife, aka sa mata taya.
Malama Gaisha ta saye ta da adashen shekara uku.
Ba ta tsere da kowa, babur ma wuce ta yake.
Faifai shida a kan rufin ɗaki,
ranar da ke dafa mu a Afirilu
ita ke ba ta tuwo.
Da safe yara uku da jakunkunansu,
da yamma buhun albasa biyu, baya ya ɗan zauna,
ta bi lungun Bilbis inda manya ke jan baya.
In yashi ya riƙe ta, ɗalibai biyu sun isa turi.
Wata bakwai ba ta tsaya gun mai kwalba ba,
har ya daina gaishe ta.

Aibinsu ɗaya ne: shiru.
Akuyar maƙwabta ba ta san farar ta zo ba
sai da ta ji iska a gashinta.
Ni ma hakan.
Na kara kunne a ƙirjinsu, ba bugu.
Na buɗe gaba, ba abin da sifanata ta sani.
Yarona Sidde ya jona wayar salula
ya karanto mini ciwon kamar takardar likita.

Suka matsa: zaɓi mana.
Na ce kowa ya faɗi hanyarsa
da watan da zai bi ta,
da wanda zai tura in ta ƙi.

Jiya Malama ta tsaya, ƙofarta na kuka.
Na ce a sake buɗewa. A sake.
Na rufe ido, na saurara,
na ɗiga mai sau biyu a maƙogwaron ƙarfen.
Dala arba'in ta ba ni.
Amma na ji ta. Da kunnena na ji ta.