Keken Sista Alaida

A Kakuri, gindin dalbejiyar bayan tasha,
babana Tanimu yana facin taya,
ni ina riƙe masa kwanon ruwa
mu ga inda iska take ɓulɓulowa.

Ran nan ungozomar asibiti ta turo nata,
baƙin keke mai kwando a gaba.
Sista Alaida, ta ƙasar Holan.
Hausarta da ƙashi, amma takan tambayi gajiya.
Baba ya zare sirdi zai ɗiga mai,
sai ta dafa hannunsa, ta leƙa bututun,
ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.

Ta ce, Kande, ina 'yar sha bakwai
sojan Jamus na zaune a ƙasarmu
zaman baƙon da ya ƙwace turakar mai gida.
A irin wannan ramin nake nannaɗe takarda,
sunayen aro, katin rabon abinci
na mutanen da ke numfashi a bayan bango.
Roba ta ƙare, muka sa tayar katako,
ƙararta na riga ni isa shinge.
Soja ya ce, ina zuwa? Na ce gidan kakata.
Na yi masa murmushi.
Har yau ban gama yafe wa bakina ba.
Sun ga kitso sun raina mu,
ta ƙofar rainin muka riƙa wucewa.

Mu biyu ne, in ji ta.
Jantina ta fi ni sauri, ta fi ni iya ƙarya,
tana bina bashin safar hannu.
A kan gada suka tare ta, ranar Talata.
Keken kaɗai aka mayar wa uwarta.

Jiniyar masaƙa ta busa.
Ma'aikata suka ɓarko, auduga a gashinsu.
Baba ya yi ta goge abin da ya riga ya goge.

Ban faɗa mata ba
cewa shekarar da gari ya birkice
yayata Lantana ta ɗora farantin gyaɗa,
ƙarƙashinsa tuwo da kuɗin jirgi,
ta ratsa maza masu gora da adda
tana kiran a sayi mai gishiri,
har ɗakin gawayin da maman Obiageli
ta toshe bakin jaririnta da nono.
Kwana shida tana wannan talla,
ko kwabo ba ta kawo gida ba,
Inna kuwa ba ta tambaya ba.
A gidanmu ba a tada zancen.

Sista ta miƙo sule biyu.
Baba ya ce iska ce kawai, ba a sayar da iska.

Na bi ta da ido har ta sha kwana.
Daga baya masu wanki a bakin kogi suka ce mini
kullum in ta iso gadar Kaduna
sai ta sauka,
ta tura shi da hannu har ta haye.