Kwana Ashirin da Uku

Kayen Arzika ya iso daga Kalfu cikin ledar shinkafa,
gara ta ɗanɗana gefensa,
tsakiyarsa na warin hayaƙin kara.
Shekara goma sha ɗaya yana leƙa gwangwanin awo bayan makaranta:
in an yi ruwa ya rubuta,
in ba a yi ba ya maida biro bayan kunne.
Ni nawa aikin, a ofishin noma na Tawa,
in zuba daminar cikin kwamfuta
in fitar da zane kafin taron Litinin.

Na zuba. Na danna.
Ƙarƙashin ginshiƙan, inda ranaku za su jeru,
sai ga dubu arba'in da biyar da ɗari huɗu da hamsin da takwas,
kamar kuɗin buhun albasa a watan tsada.
Wace rana ce wannan? Wa aka raɗa wa suna a cikinta?
Na taɓa nan, na taɓa can,
ta jefa ni Janairun alif ɗari tara,
ruwan bana ya sauka kan kakan kakana
tun yana yawo ba wando.

Barira ta kusa da taga, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Injin nan da wata yake farawa, kana rana.
Biyar ga Agustanka takwas ga Mayu ne a wurinsa.
Waɗanda suka haura sha biyu kuwa bai san su ba,
dubi yadda ya jingine su hagu
kamar baƙin da ba a shimfiɗa wa tabarma ba."

Wajen la'asar na samu zane mai kyau.
Ginshiƙai kafaɗa da kafaɗa, sahu ya miƙe,
sha tara ga Yuni na riƙe da hannun sha uku ga Yuli
kamar jiya da yau.
Wanda ya gani zai ce Adar ta sha ta ƙoshi.
Har na kai hannu zan buga a takarda.

Sai na tuna muryar inna cikin waya:
gero ya fito, ya kai tsawon ɗan yatsa, ya naɗe kamar zare.
Anaruwa ƙanena ya sayar da tunkiya ya sake sayen iri.
Kowace yamma hadari ya haɗu gabas,
ya yi mana gurnani, ya wuce.
Ina waɗannan kwanakin?
Arzika bai rubuta su ba, don babu abin rubutawa,
injin kuma ya ɗinke bakin wurin, ba ko tabo.

Aka ɗauke wuta. Na jira janareta ya gama tari.
Na sake buga ranakun ɗaya bayan ɗaya,
talatin da huɗu,
har kowace ta koma dama ta zauna.
Sannan na shiga layin ƙasa na gaya masa:
waɗannan ba sunaye ba ne, kwanan wata ne,
ka ƙirga har da waɗanda ba su zo ba.

Sahun ya tsage.
Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi fili ya buɗe fari fat,
faɗin yatsuna huɗu,
ba ɗigo, ba inuwa.

Ran Litinin darakta ya ɗora alƙalami a kan farin:
"Nan fa? Kun manta ba ku cika ba?"
Barira ta dube ni.
Na ce, "Ranka ya daɗe, a duk takardar
nan ne kaɗai muka fi wahalar cikawa."
Ya ɗage alƙalamin.
Ya fara ƙirgawa da farce, a hankali,
bakinsa na motsi.