Tsoka Uku

Ruwa bai tsagaita ba tun asuba.
Danfo ya sauke ni a Idi-Araba, takalmina sharkaf.
Ban gama zura farar riga ba
Morenike ta dire mini kwalabe uku:
"Yanzu aka fito da su, kada ki bari su kwana."

Tsoka uku, kowace ba ta kai ƙwayar dawa ba,
an tsinko su daga bangon tumbin wani.
Takarda ta ce Ilu Ɗantsoho, shekara hamsin da biyu,
mahauci a Oko-Oba.
Shekara talatin yana juya tumbin shanu yana wankewa,
yau nasa aka leƙa.
Ya sha kanwa, ya sha jiƙo, ya bar yaji,
ya bar goro, har shayin safe ya bari,
amma tsakar dare wuta kan tashe shi zaune.

Ta farko na nutsa ta a ruwa mai launin ɗorawa.
Wannan gwajin ba ya son surutu.
In ɓarauniyar na ciki, numfashinta zai tona ta,
ɗorawa ta koma ja.
Na duba agogo. Na wanke hannu. Na sake dubawa.
Kafin azahar gefen kwalbar ya soma jin kunya.

Shaida ɗaya ba ta yanke shari'a.

Ta biyu na shafa ta a faranti mai jinin tumaki,
na rufe a tulu, na rage mata iska,
don ita baƙuwar nan iska mai yawa kashe ta take.
Kwana biyar za ta yi, ko bakwai,
a ɗumi irin na cikin mutum.
Daren Laraba aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari sau biyu ya yi shiru.
Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba,
sai ga ni ina wa ƙwayar cuta addu'ar tsawon rai.

Ta uku ta fi shan wahala.
Ta kwana a ruwan magani, an binne ta a kaki,
na'ura ta yanka ta siriri, bawon albasa ya fi ta kauri.
Na shimfiɗa a gilashi, na ɗiga shuɗi.
Kakana marini ne a Kura,
ya rasu da baba a ƙarƙashin farce.
Da na ce zan zo Ikko, kakata ta ji ana cewa Marina,
ta ce, "To, gado dai ba ya ɓata."
Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai karofina
bai kai faɗin tafin hannu ba.

Na sunkuya kan madubi.
Da fari hazo, sai tuddai, sai kwazazzabai,
ƙasa guda mai ramuka da majina.
Na murɗa kaɗan. Na ƙara ɗigon mai.
Ga su nan.
'Yan lanƙwasassu kamar lauje, kamar wakafi,
sun jeru a bakin rami suna shan inuwa,
ba haya, ba sallama,
wataƙila tun yana yaro yana shan ruwan rijiya.

Na ƙirga har na daina ƙirgawa.

Ran Litinin faranti ya fito da 'yan ɗigo kamar raɓa.
Shaidu uku, baki ɗaya.
Na rubuta kalma guda, na sa hannu, na buga hatimi.

Ban san fuskarsa ba.
Ko mun haɗu a gadar Oshodi ba zai waiwayo ba.
Likita zai ba shi ƙwayoyi na mako biyu,
zai yi tsaki, ya ce sun yi yawa, ya haɗiye.
Ni dai da yamma na biya ta Mushin,
na sayi kayan ciki na dubu biyu,
mai naman ya tambaya ko a sa tumbi.
Na ce a sa.